Konsatinar Baba da Muryar Mama

Ranar Lahadi Baba, dattijon cocinmu, zai cika shekara da rasuwa, kuma matarsa Mama ta ce ni zan kaɗa konsatinarsa, ɗan kayan kiɗan nan da ake matsawa da hannu biyu. Har tsalle na yi, na cika group ɗinmu da emoji. Jiya na ɗauko ta, sai na ji sauti ɗaya ya kauce. Kai, gabana ya faɗi, ba wasa.

A cikinta akwai ƙananan harsuna na ƙarfe, su ke ba da sauti. Da magagari ake goga su, kuma abin da ka goge ya tafi ke nan.

Sau ɗaya na taya shi gyara, a kicin ɗinsa na unguwar Tompkinsville a New York, ko'ina ƙamshin shayin citta da tsohuwar fata. Na kunna app ɗin auna sauti a wayata, ya nuna ja. Na ce, "Baba, duk harsunanka off suke fa!"

Ya yi dariya, ya kife min wayar. "'Yata, da muryar Mamanku na daidaita ta." Ya ɗaga murya: "Maman yara, ɗan ja mana baiti ɗaya." Ta rera daga ɗaki, ya goga sau ɗaya tak, ya saurara.

Yanzu ina cikin feri zuwa wurinta, magagarin na jakata, tafin hannuna sai gumi. Ban san ko kuka zai bar ta ta rera ba. Allah ya ba Baba hutawa, ya riƙe mata murya, ni kuma ya riƙe min hannu.