Ranar da Iro Ya Ciro Ni Ba da Izinina Ba

Har gobe ban manta da Larabar da aka ciro ni daga rijiya ina zagin masu jan igiyar ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna ganin ba na shiga rami sai Malam Iro ya ce a shiga, kuna ta tambaya. Ga dalilin.

Shekarata talatin da wani abu ina haƙar rijiya tsakanin Gwarzo da Kabo. Ban yi makaranta ba. Dagi na sani, da igiya. Rijiya ta rufta da ni sau biyu, na fito da karaya a ƙafa, na warke, na koma. Ni mutum ne da ba ya sauraron jikinsa. Tun ina yaro na koyi haka, don a lokacin ko cikina ya yi magana ba abin da zan ba shi. Sai na daina ji. Yunwa, gajiya, ciwon kai, sai dai wani ya gani a fuskata ya faɗa min. Kuma ina taƙama da hakan.

Ga wanda bai san aikin ba, mu huɗu muke tafiya. Akwai maigida, shi ke karɓar aiki, shi ke yanke magana. Ni ne. Akwai masu igiya biyu a bakin rijiya, a lokacin Sale da Habu ne. Sai mai shiga ƙasa, wannan muna karɓa-karɓa ne ni da Iro. Zurfi da gaba muke auna shi, wato tsawon hannu biyu in an buɗe su. In rijiya ta wuce gaba goma murya ba ta fitowa sosai, sai a yi magana da igiya. Girgiza ɗaya, ja guga. Biyu, sako shi. Uku, fitar da ni. Dokarmu ita ce ba a ciro mutum sai ya girgiza uku, don fizgar mutum yana tsakar aiki tana iya buga shi da bango. Kafin kowa ya shiga kuma, ana zura fitilar ƙwai a kunne. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau. In tana ci, bisimilla. Haka na gada, haka na koyar.

Iro mutumin Kabo ne. Iyayensa makiyaya ne, shanun suka ƙare, ya kama noma, da rani kuma ya bi mu. Yana da iyali da yawa, kuma ba shi da wata sana'ar rani sai wannan. Hannunsa a dagi ba laifi. Matsalarsa guda ce, yana jin duk abin da ke faruwa a cikin jikinsa. In ya sha fura sai ya ce ga ta nan ta sauka, ta tsaya ta hagu. In ya zauna shiru sai ya ce zuciyarsa yau tana tafiya a hankali, za a yi aiki mai daɗi. Sale ya sa masa suna Likita.

"Likita, yau me hanjinka suka ce?"

"Sun ce a gaida Sale, ya rage cin wake saboda masu zama kusa da shi."

Ana dariya, ni ba na yi. A ranin nan sau uku yana girgiza igiya a fitar da shi, wai zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba. Sau ukun duk na shiga bayansa ban ji komai ba. Na ɗauka tsoro ne. Ran da muka karɓi aikin wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye bayan Mainika, na kira shi gefe.

"Iro, wannan ce ta ƙarshe. In mun gama ta, ka nemi wani abin."

"Maigida, na yi laifi ne?"

"Rami ba wurin mai sauraron ƙirji ba ne."

Ya ce to.

Rijiyar gaba goma sha huɗu ce. Da bazara ne, ta kusa ƙafewa, matan garin suna tafiya mai nisa da jarkoki. Aikinmu mu yashe ta mu ƙara mata zurfi. A gindinta akwai ruwan laka da ya kai ƙugu, kwashe shi da guga zai ci mana kwana biyu. Sai mai unguwa ya kawo injin ban ruwa na fetur, irin na 'yan lambu. Daga sama injin ba ya iya zuƙo ruwa mai nisa haka. Ni na ba da shawara a ɗaure shi da igiya a zura shi cikin rijiyar, ya tsaya kusa da ruwan. Ya yi ta aiki tun hantsi har ya tsotse ruwan tas. Muka ciro shi. Muka zura fitila, ta kai ƙasa, tana ci ɓal-ɓal. Na ce Iro ya shiga.

Bai cika guga biyu ba igiya ta girgiza uku. Aka ciro shi. Ya zauna a ƙasa ya dafe wuya.

"Maigida, akwai abu a ƙasan nan. Zuciyata ta bar ƙirji ta dawo nan, a maƙogwaro, tana sauri. Gefen kaina kuma kamar an ɗaure da tsumma ana matsawa."

"Fitila tana ci."

"Na gan ta. Amma wannan ba irin na kwanakin baya ba ne. Wancan ina shakka. Wannan ba na shakka."

Mutanen gari sun taru, mai unguwa yana tsaye. Kunya ta kama ni. Na tuɓe riga na ce a ba ni dagi.

Iro ya tashi yana tangaɗi. "In dai sai ka shiga, bari in ɗaura maka wata igiyar a ƙirji. Kada ka kwance ta a ƙasa. Ni zan riƙe."

"Ɗaura, in hakan zai sa ka yi shiru."

Na sauka. Gaskiya zan faɗa muku, ban ji komai ba. Na cika guga, na girgiza, aka ja. Na cika wani. Sai ma na ji aikin ya yi min sauƙi, dagin kamar kara. Abin da na iya tunawa ke nan da kaina. Sauran Habu ne ya ba ni labari.

Ya ce Iro ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, igiya a hannu, kunne a ƙasa. Can sai ya ɗago.

"Saran dagin ya yi nisa da juna. Kuma ku saurara, waƙa yake yi."

Suka saurara. Wai da gaske waƙa nake yi.

Iro ya ce, "Shekara shida ina tare da mutumin nan, ko a gidan biki ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Ku ja."

Sale ya ce, "Bai girgiza uku ba. Ka san halinsa."

"Ni ai korarre ne. Me zai ƙara min? Ku ja, ku ce ni ne."

Suka ja, su uku, har da mai unguwa ya naɗe babbar riga ya kama. Wannan ɓangaren ina tuna shi kaɗan-kaɗan. Na ji ƙafata ta bar ƙasa, dagi ya suɓuce. Na fara zagi tun daga gaba goma sha huɗu har bakin rijiya, ban maimaita ko ɗaya ba, in ji Habu. Da na fito na miƙe don in kai wa Iro mari. Ƙafafun suka naɗe kamar tsumma. Ban sake sanin inda nake ba sai a bayan motar ɗaukar kaya, ina amai, kaina a cinyar Iro.

A asibiti a Gwarzo aka sa min robar iska a hanci, aka sa wa Iro ma na ɗan lokaci. Muka kwana. Nas ɗin da ta kula da mu wata dattijuwa ce mai faɗa, kowa Hajiya yake ce mata. Washegari da safe, su Sale sun zo da koko, ta tsaya a kaina.

"Baba, wane ne ya ce a zura inji cikin rijiya?"

"Ni ne."

"To hayaƙinsa yana da dafi, dafin ba ya wari, ba a ganinsa, kuma yana zama a rami ko an kashe injin. Da an ƙara jinkiri kaɗan, ba nan za a kawo ka ba."

"Fitila ta ci fa."

"Fitila ba ta san wannan ba. Sai jini ne ya san shi. Kai ba ka ji zuciyarka tana gudu ba?"

Na ce ban ji ba. Sale ya ce ai Maigida ba shi da zuciya, dutse aka sa masa. Ya nuna Iro ya ce ga mai zuciyar mutum huɗu nan, har hira suke yi. Hajiya ta kalli Iro da kyau. Ta jawo kujera.

"Malam, ajiye hannunka a nan. Kada ka taɓa ƙirji, kada ka taɓa wuya. Rufe ido. In na ce fara, ka ƙirga bugun zuciyarka a ranka. Ni ma zan ƙirga."

Ta kama tsintsiyar hannunsa, tana duba agogo. Ta ce tsaya.

"Nawa?"

"Talatin da bakwai."

"Talatin da takwas na samu." Ta yi murmushi. "Sake."

Aka sake. Wannan karon suka zo daidai. Masu jinya na gadajen kusa suka matso. Sale ya ce a gwada shi, ya rufe ido yana motsa leɓe, ya faɗi wani adadi da bai kai rabi ba. Aka yi masa dariya. Sai Hajiya ta juyo kaina.

Na rufe ido. Na saurara. Na ji kukan akuya a waje, na ji cokalin wani a kofi. A cikina ba abin da na ji, kamar na leƙa rumbun da aka kwashe. Ta ce tsaya.

"Nawa, Baba?"

"Bakwai."

Habu ya faɗo daga benci. Wani tsoho da aka yi wa aiki a ciki ya riƙe ɗinkinsa yana roƙon a daina ba shi dariya. Hajiya ta share hawaye da gefen mayafi.

"Baba, mai bakwai ai sai likkafani. Arba'in da ɗaya ne."

Ni ma na yi dariya. Na daɗe ban yi irinta ba.

Na tambaye ta ko abin na Iro cuta ne. Ta ce ta auna shi, zuciyarsa lafiya lau. Ta ce haka Allah ya yi mutane, wani yana jin cikinsa sosai, wani ba ya ji, yawanci suna tsakiya. Mai ji sosai wani lokaci yakan tsorata a banza. Marar ji kuma ba ya tsorata ko da ya kamata.

"A rami, Baba, wanne ka fi so ya riga ka shiga?"

Na juya na kalli Iro. Ta san na gane.

Bayan kwana huɗu muka koma. Kafin nan su Habu sun yi ta zura laima a buɗe suna fizgo ta, da rassan bishiyar maina masu ganye, don iskar ƙasa ta fito sabuwa ta shiga. Inji kuwa na ce kada in sake ganinsa kusa da bakin rijiya. Garin ya sake taruwa. Aka zura fitila, ta ci. Kowa ya zuba min ido.

Ni ba gwanin ba da haƙuri ba ne. Na ɗauki igiya na ɗaura wa Iro a ƙirji da hannuna.

"Malam Iro, sauka ka ji mana. Kada ka taɓa dagi. Zauna kawai. Abin da ka ce shi za a yi. Ni zan riƙe."

Wannan ne karo na farko da na ce masa Malam. Ya kalle ni, ya sauka. Ya daɗe. Igiyar tana hannuna ba motsi. Can ya girgiza biyu, wato a sako guga.

Kwana uku muna sara. A rana ta uku bayan azahar ina ƙasa, dagi ya huda wata marmara, ruwa ya ɓulɓulo mai sanyi ya rufe min idon sawu kafin in ɗaga ƙafa. Na cika guga na girgiza. Daga ƙasa na ji guɗar mata kamar daga wani gari. Da na fito an kawo fura a manyan ƙore, tsofaffi suna sa albarka, wata tsohuwa tana shafa ruwan a fuska tana dariya.

A al'adar aikinmu, ƙwaryar farko ta sabon ruwa maigida ake miƙa wa. Mai unguwa ya miƙo min. Na miƙa wa Iro. Ya tsaya.

"Maigida, maganar da ka yi fa, cewa wannan ce ta ƙarshe?"

"Akwai wata a Unguwar Tudu ranar Asabar. Kada ka makara."

Ya kafa kai ya sha. Sale ya ce, "Likita, ina ya tsaya?"

"Bai tsaya ba. Ya wuce har yatsun ƙafa."

Shekara tara ke nan muna tare tun daga ranar nan. A cikinsu ya sa an fasa shiga rami ya fi sau goma. Wataƙila rabinsu ba komai a ƙasan. Ban taɓa ƙorafi ba, kuma ban binne kowa daga cikin mutanena ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Kada a zura inji a rijiya ko wa ya ce. Fitila tana da iyakarta. In na ƙasa ya ce ƙirjinsa ko kansa ya canja, a ciro shi, a yi masa dariyar daga baya in an ga dama. Wanda za ku fi sa wa ido kuma shi ne irina, mai cewa lafiya lau. Ba ƙarya yake yi ba. Bai sani ba ne. Irinmu sai an ɗaura mana igiya, an ba wa mai ji ya riƙe.