Ɗaya Maimakon Biyu

Shekara talatin Mai Agogo yana zaune a rumfarsa mai faɗin tabarma, gilashi maƙale a ido, yana tsintar 'yan kusoshi da hantsaki. Ko gaisuwa ka tsawaita sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Matarsa kan ce ko mutuwa ce ta yi masa latti sai ta sha faɗa.

Da ƙodojin Autarsa suka daina aiki tana shekara goma sha ɗaya, bai nemi shawarar kowa ba ya ba ta tasa guda. Likita ta ce maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar ba a fashinsa, guda biyu safe da yamma. To, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Agogo uku ya saita. Wata bakwai, ko minti ɗaya bai kuskure ba.

Sai gwajin jini ya nuna wata ƙwayar cuta.

"Da ma tana kwance a jiki," in ji likita. "Maganin ya danne garkuwar yarinyar, ita kuma ta samu sake, ta kama ƙodar. A koma guda ɗaya."

"Haba likita! Jiya kin ce kar a yi fashi, yau kuma a rage?"

"In ya yi yawa cutar ta cinye ƙodar, in ya yi kaɗan jiki ya ƙi ta. Tsakiya muke nema."

Gaba kura, baya sayaki. Ya fito yana huci. Shi a sana'arsa ba a yi wa kusa rabin ɗauri. Ya ci gaba da ba Auta biyu, bai gaya wa kowa ba.

Bayan mako huɗu sakamako ya ƙara muni. Likita na ta juya takardu, sai Auta ta ce, "Ai biyu nake sha."

Likita ta ajiye biro, ta dubi Mai Agogo.

"Baba, in wannan ta lalace, kana da wata da za ka ba ta?"

Ba shi da ita.

Washegari agogon nan uku suka yi ƙara tare. Ya zazzago magani, guda biyu suka faɗo tafinsa kamar kullum. Ya tsaya yana kallonsu. Auta ta gaji da jira, ta ɗauke guda ta mayar cikin kwalba.

"Baba, miƙo ruwan. Ka yi lattin minti biyu."