Mainassara, wanda ya ƙi ba mai gudu amanar saƙo

Da an sallame asuba, Mainassara mai gyaran radiyo yana tashar Dakoro, tabarau a ƙarshen hanci. Motoci goma sha ɗaya yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bayan kujerar direba, ya goge ƙaramin akwatin da ya ɗaura a wurin, ya taɓa batir. Shekara tara ke nan. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce zai ajiye aikin bayan damina, ni kuwa na rantse ba zai ajiye shi shiru ba.

Wanda bai san dajinmu ba zai ce mene ne abin yabo. To, ka wuce Adjekoria kaɗan, rezo ya ɗauke, waya ba ta kama layi. Mutumin ruga zai rubuta saƙo a wayarsa, akwatin motar da ta gifta daga nesa ya ɗauka, direba bai ma sani ba. In ta haɗu da wata motar a hanya, ta miƙa mata, har saƙon ya faɗo Dakoro. Duk wahalar tana wuri ɗaya: wace mota za a ba?

Bara wani injiniya ya zo daga Yamai da amsarsa a shirye. A ba motar da ta fi gudu, wadda ta nufi gari, shi ke nan. Ya tara direbobi, ya ce tsarin tsohon nan ɓata lokaci ne, mutumin da ko lakkol, makarantar boko, bai gama ba. Mainassara ya bari ya kai aya, sannan ya ce:

"Malam injiniya, kai ka san mota, ni na san mai tuƙa ta. Harisu na da gudu, amma in an kira shi ɗaukar raguna, yanzu-yanzu ya bar hanya. Kalla kau, da akwalar motatai, ranar kasuwar Kornaka ba ya fashi, kuma kullum yana gamuwa da motar Dakoro a mararraba. Canza akwatunanka duka, na Kalla dai ba ka taɓa shi."

Aka yi masa dariya, har da waɗanda ya gyara wa radiyo shekara da shekaru. Ya ɗaure fuska ya zauna a kan matakalar motar Kalla har injiniyan ya haƙura.

Da damina, wata ranar kasuwar Kornaka da hantsi, kububuwa ta sari Haula, yarinya mai shekara bakwai, a wata ruga can bayan Adjekoria. Uwarta Fadimata ta sa aka rubuta wa likitan Dakoro a kawo allurar dafi. Motoci biyu suka gifta, duka suka ɗauki saƙon. Ta Harisu ta nufi gari a guje, amma a hanya aka tare shi, ya karkata wata rijiya lodin raguna. Ta Kalla ma ba Dakoro ta nufa ba; da an canza akwatinta zuwa tsarin injiniya, da ba a ba ta saƙon ba. Ta yi ta jan ciki zuwa Kornaka, a mararraba ta gamu da motar Dakoro kamar kullum, ta miƙa. Kafin la'asar ambilans na ƙofar rugar. Saƙon da ke motar Harisu sai washegari da azahar ya iso.

Na karanta rahoton da aka kai Yamai. An yabi tsari, an yabi na'ura, sunan Mainassara ko a gefen takarda babu. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Mainassara, kai ne ka zauna tasha ka karanci halin mutum goma sha ɗaya: mai tsayawa salla a kan lokaci, mai tsayawa shayi, mai biye wa kowane kira. Kai ne aka kira jahili a gaban jama'a, ka ƙi tashi daga matakala. Mainassara, gagara-kora na tashar Dakoro, mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske.

Ku kuma samari masu diplom, ku zo da iliminku, muna so. Amma ku fara zama kusa da shi ku tambayi wa ke cika alkawari a hanyar nan, tun yana nan.

Makon jiya Fadimata ta shigo tasha riƙe da hannun yarinyar, tana tambayar ina mai akwati. Aka nuna mata shi a bayan kujerar Kalla. Ta tura Haula gabansa, ta ce:

"Baba, ga saƙonka, ya iso da ƙahwatai."