Hutun Hajiya daga Tukunya

Shekarun baya, bayan wani aikin Hajji da ya kusa kwantar da maiɗakina, na yi alkawarin da ya fi ƙarfin bakina. Wanda ya san gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda ya san ba gida ba ne, tasha ce. Duk ɗan uwan da ya sauka Jidda, Umra ce ta kawo shi ko sarin abaya, wurinmu yake fara ajiye jaka, kuma ita ce a kan wuta tun asuba. Shekarar nan har hannunta na dama ya daina ɗaguwa sama da kafaɗa. Na ce mata, "Hajiya, halas, ya isa haka. Faransa zan kai ki. Daga fitarmu har mu dawo, ba ke ba tukunya."

Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka iya faɗa."

Ni fa ina taƙamar na zaga duniya. Amma yawon nawa na fatauci ne, manyan biranen da ko yaushe ka ji yunwa akwai mai soya maka wani abu. Muka sauka Marseille ana tsakiyar zafinsu, na ɗauki hayar mota, na ce za mu bi tsofaffin garuruwa mu gangara bakin teku har Nice.

Abin da ban lura ba, da cikinmu na mutanen Jidda muka tafi. Mu nan abincin rana sai la'asar ta kawo jiki, na dare sai an idar da isha'i an sha iska. Su kuwa a ƙananan garuruwan nan, da tsakar rana suke ci, kafin ka yi alwalar azahar ka idar an kashe wuta. Da yamma kuma mu zauna jiran magariba, rana ta kafe a sama ta ƙi faɗuwa. Kafin mu yi salla mu fito, ana kife kujeru a kan tebur.

A Avignon na kai ta ta ga wata tsohuwar gada da ta tsaya a tsakiyar kogi ba ta ƙarasa ƙetare ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Alhaji, ɗan kwangilar nan namu ne?" A Arles muka hau matakalan wani filin wasa na Rumawa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta leƙa lungunan garin ta ce ai Balad, tsohon garin Jidda, aka yi wa wanka. Duk wannan fa a kan burodi da cukun gidan mai muke, sai ɗan dabinon da ta ƙunso a jaka. Ba ta yi ƙorafi ba, kuma shirun ne ya fi damuna.

Na kira abokina ɗan Nijar mai shagon turare a Sharafiyya, shi ya yi karatu a Faransa. Ya yi dariya har da tari. "Ya sheikh, ku ci da wuri kamar 'yan asibiti mana!"

Faɗa da sauƙi. Hajiya ta samu barci. Matar da rabonta da ta wuce asuba a kwance tun farkon aurenmu, ga ta tana kaiwa hantsi ya gota. In na tashe ta, na ƙwace mata hutun. In na bar ta, mun rasa abinci. Sai na riƙa barin ta.

Ranar wata Lahadi muka isa wani ɗan gari a bakin teku, gaba da Cassis, muka kama ɗaki mai kicin. Garin kaf a rufe kamar an yi rasuwa. Na fito daga wanka na same ta tana miƙa hannun nan mai ciwo tana buɗe kabad, tana cije leɓe.

"Alhaji, samo min shinkafa da albasa. Na yafe maka alkawarin."

"Ni ban yafe ba. Yalla, baranda."

Na zaga har na samu shagon wani ɗan Maroko a buɗe, na sayo shinkafa, albasa, tumatir da kifin gwangwani. Rabona da girki tun ina gwauro. Tana zaune a baranda ta soke hannuwa a cikin mayafi don kada su kufce mata, amma bakin bai zauna ba.

"Ka wanke ta?"

"Na wanke."

"Ban ji ƙarar ruwa ba."

Shinkafar ta fito ƙasa baƙi, sama tsaki-tsaki. Muka zauna muna kallon Turawa a shimfiɗe kan yashi kamar an shanya kifi. Ta cinye nata tas, har ƙanzon. Sannan ta ce, "Da a Ubhur, bakin tekunmu na Jidda, ka kama mana ɗaki, ka kashe wayata, ka yi min wannan jagwalgwalon, da ka huta da tuƙi."

Ba mu ƙarasa Nice ba. A garin nan muka zauna har ranar komawa, tana barci, ina ƙona albasa.

Har yau in na tuna tafiyar nan, gajiyar ce take fara zuwar min kafin hotunan: bayana, gwiwoyina, da yunwar yamma mai sa mutum ya tsani kyakkyawan gini. Na kwashe ta na tsallaka teku da ita don ta huta, alhali abin da take nema bai wuce wani ya tsaya a kan wuta ita tana zaune ba. Baƙi ba su daina zuwa gidanmu ba, ba kuma za su daina ba. Sai dai yanzu in an ce min a waya ga mutane sun taso, nakan ce marhaba, amma su sani wani lokacin ni ne a kicin. Wasu sai su ce ashe ma an kama musu otal.