Dariyar da Ke Fitowa Ta Bayana

Ranar Juma'a, 27 ga Oktoba, 1939, ƙararrawar cocinmu da ke garin Makó, a ƙasar Hungary, ta buga, aka ce Ödön mai haska fim ya rasu. Ciwon zuciya ne, a kan kujerarsa.

Yaya Ödön, kai ka kawo mana fim mai magana garin nan. Na tuna tsofaffi suna leƙa bayan farin ƙyallen da kake haska fim a kai suna neman mawaƙan, kai kuwa kana ta ƙyaƙyata musu. Yaran masu noman albasa ba ka taɓa korarsu daga bakin ƙofa ba.

Amma ni, Etelka, abin da ka yi mini daban ne. Mijina Kálmán ya taɓa samun aikin yini a Budapest, cikin wani fim na soyayya da waƙe-waƙe da barkwanci. Jaridu sun ce shirme ne, mutanenmu kuwa har a gona suke rera waƙoƙinsa. Fuskar Kálmán ba ta fito ba. Sai dai inda ango ya faɗa cikin kwandon fulawa, ana jin dariyarsa, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe. Da tarin fuka ya ɗauke shi, dariyar nan kaɗai ta rage mini.

Kowace shekara, ranar tunawa da matattu, bayan an kunna kyandir a maƙabarta, sai ka haska fim ɗin da la'asar. Limamin coci ya yi faɗa, gari ya ce ka haukace, barkwanci a irin wannan rana? Ko a jikinka. Zaren fim ɗin yana ta tsufa, waƙoƙin suna dusashewa, kullum ina tsoron kada dariyar ta bi su. Ba ta taɓa raguwa ba.

Bana matarka Piroska ce ta haska shi, kwanaki kaɗan da binne ka. Ango ya faɗa cikin fulawa, dariyar ta zo, tas, har da shaƙewar. Da aka tashi na je yi mata godiya, na tarar da ita a ƙasan matakala, ta bar na'urar tana juyi ita kaɗai, don ta kasa zama a ɗakinka na haska fim da ke sama.

Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri. "Ƙanwata, sautin wurin dariyar nan a fim ɗin ya goge tun shekara uku da suka wuce. Ödön ne yake yin dariyar ta ƙaramar tagar ɗakinsa can, ya hana ni faɗa miki."

Na ce, "Yaya Piroska, ai yau ma na ji ta."

Muka ɗaga kai muka dubi tagar. Sai lokacin na tuna, dariyar yau ma ba daga ƙyallen ta fito ba, ta bayana ta fito, inda tagar take.

Allah ya jiƙan ka, Yaya Ödön, ya yafe maka, ya ba Piroska da 'ya'yanka haƙuri. Ya ba ka hutu kuma. Na sallame ka, baɗi ba sai ka zo ba.