Yadda Na Sare Darbejiya Don A Ga Allona

Shekarun baya, lokacin da na buɗe shagon ɗinki a Kazaure, akwai wata tsohuwar darbejiya a ƙofar shagon. A gindinta 'yan acaɓa ke jiran fasinja, nan kuma wata dattijuwar Bafulatana ke sauke ƙwaryar furarta kullum. Masu shan fura kan leƙo su ga ɗinkina, wasu su dawo da yadi.

Sai na sa aka rubuta mini allo mai hoton babbar riga. Na kafa shi, na tsallaka titi don in more kallo, na tarar ganye ya rufe shi ruf. Washegari na kira mai gatari.

Dattijuwar ta tarar ana sara. Ta ce, "Ɗan nan, me ta yi maka?"

Na ce, "Inna, zamani ne. Dole a ga shago daga nesa."

Ta ce, "Za a gan shi kuwa." Ta aza ƙwaryarta ta wuce.

An gan shi. Daga nesa ake ganinsa, daga nesa kuma ake wucewa. 'Yan acaɓa suka bi Inna can gaba, gindin wata ceɗiya, daidai shagon wani telan. Shagona mai rufin kwano ya koma tanda. Da azahar nakan auna mutum gumi na ɗiga kan tef, shi kuma yana cewa in yi sauri.

Abin da ya ƙarasa ni wani Alhaji ne daga Roni. An yi masa kwatancen "tela na gindin bishiya", ya taho da ɗinkin 'ya'yansa na biki gaba ɗaya. Ya tsaya ƙofata ya tambaye ni, ni da kaina, ina telan yake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Ya dubi kututture, ya dube ni, ya ce, "An ce mini mutum ne mai hankali." Ya ja babur ɗinsa zuwa ceɗiya.

Da damina ta faɗi na dasa darbejiya uku, na kewaye su da bulo saboda awaki, ina ba su ruwa kafin in sha nawa. Na gane cewa bishiyar bakin titi ba ta mai ƙofa ba ce shi kaɗai. Rabin unguwa ke cin abinci a ƙarƙashinta, har da wanda bai sani ba.

Yau sun girma, jama'a sun dawo. Sai dai a gaggawata gabas da shagon na dasa su, don haka rana na karkatawa inuwar sai ta koma ƙofar maƙwabcina mai gyaran waya. Can nake ɗaukar kujerata in je da la'asar, in yi sallama, in nemi izinin zama.