Goggo Riskuwa da Keke Na Hannu

Da hantsin ranar Alhamis, 12 ga watan Yuni, 2025, kwana shida bayan Babbar Salla, ina zaune a ofis a Birnin Kebbi, ɗan'uwana Zulkifli ya kira ni daga Argungu. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Munzali, sai haƙuri, Inna ta cika." Allah ya karɓi ran mahaifiyarsa, ƙanwar mahaifina, Goggo Riskuwa, bayan jinyar mako uku, tana da shekara saba'in da huɗu. Na Allah muke dukanmu, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma.

Goggo, tun da muka dawo daga maƙabarta nake son in rubuta miki abin da zai dace da nauyin rashinki. Sau uku ina farawa da hawaye, sau uku kuma ina tsintar kaina ina dariya ni kaɗai. Daga ƙarshe na haƙura, na ce bari in rubuta ki yadda kike.

Shekara arba'in da wani abu kika yi kina ɗinki a cikin gida. Ba ki taɓa rataya tef a wuya ba, ido ne ma'auninki. Mace za ta shigo da atamfa ta ce a yi mata irin awon bara, ki dube ta sama da ƙasa ki ce awon bara ya tafi da bara. Wasu su yi fushi su fita, amma bayan kwana biyu za su dawo, domin rigar da kika ɗinka ba ta matse hammata. Idan kuwa aka yi rasuwa a unguwa, ke ce kike haɗa likkafani da hannunki, ba ki taɓa yarda an ba ki ko goro ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne abin da kika yi wa gidana shekara uku da suka wuce. Matata Hanifa tana koyarwa a wata firamare ta wajen Zauro, babur ya kayar da ita a hanya. Ta warke, amma gwiwarta ta dama ta sandare, ta daina lanƙwasuwa. Dole ta ajiye aiki. Wata bakwai ta yi a gidanmu na Gesse ba ta fita ko ƙofa, magana sai an tambaye ta. Macen da a da muryarta ke kaiwa gida uku ta koma sai kallon bango. Na ji tsoro ƙwarai. Sai na tuna ta taɓa cewa tana sha'awar koyon ɗinki, na ƙudurta zan saya mata keke.

Kwana huɗu na yi ina bincike a waya. Na zaɓi wani farin keken lantarki mai ɗinki iri talatin da biyu, har da ɗan gilashi mai nuna lamba. Na kira ki ne don in burge ki, ba don neman shawara ba. Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "Kak ka sayi komi sai na taho."

Washegari kafin azahar kika sauka da wata tsohuwar jaka. Ba ki ce mu je kasuwa ba. Kika shiga ɗakin Hanifa kuka zauna, kika sa ta tsince miki shinkafa, kika sa ta miƙo miki buta, kina kallon yadda take zama da yadda take tashi. Da kika fito kika ce da ni, "Na hannu za a saye mata."

Raina ya ɓaci. A kunnena, na hannu shi ne kayan da wani ya gama ci ya sayar. Na tunatar da ke cewa ni ma'aikacin gwamnati ne mai mataki na goma sha biyu, ba zan kawo wa matata kwancen wata ba. Kika dube ni kamar za ki yi bayani, sai kika fasa, kika ce in nemo keke napep.

A kasuwa muka shiga shagon Alhaji Kayode, Bayarabe mai sayar da kekunan ɗinki, wanda ya fi shekara talatin a garin nan. Yana hango ki ya dafe kai ya ce, "Wayyo, Mama Argungu ta zo, yau babu cin abincin rana." Kika zazzage jakarki a kan bencinsa: guntun buhun shinkafa, ƙyallen gyale mai shara-shara, yankin fata, da ƙafar wani tsohon wandon jins. Kika ce duk keken da bai ɗinke huɗun nan ba tare da tsinke zare ba, ba keke ba ne.

Na nuna farin keken da na gani a waya. Alhaji Kayode ya jona, babu wuta. Ya fita ya ja janareta sau tara kafin ya tashi, ya dawo yana haki. Keken ya ɗinka gyale lafiya lau, da ya iso kan fata sai ya yi wani kuka ya tsaya, gilashin ya shiga ƙyafta lamba. Kika tambaye ni ko na fahimci abin da yake faɗa, tunda ni na yi boko. Sannan kika ce, "Wanga rediyo na. Kuma in maɓalli ya hita, sai an sayo man fetur kahin a maida shi?"

Na sassauto, na ce to a ɗauki baƙin keken ƙafa irin na teloli, sabo a kwali, mai dogon teburi. Nan kika ja hannun rigata zuwa bayan shago, inda ba mai ji, kika ce a hankali, "Munzali, da wace ƙahwa za ta taka shi?"

Goggo, ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Wata bakwai ina kwana ina tashi da wannan gwiwa, kwana huɗu ina ƙirga ire-iren ɗinki, amma ko sau ɗaya ban tuna ba cewa keken ƙafa da na lantarki duk da ƙafa ake taka su. Sai a lokacin na gane keken da ake juyawa da hannu kike nufi. Ba ki ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma har kika bar duniya ba ki faɗa wa Hanifa ba.

Kekunan hannu biyar kika gwada, kina kara kunne a jikin kowanne kamar likita. Duk kika ƙi su. Can kika hango wani tsoho a ƙasa, wanda Alhaji Kayode ke tokare ƙofa da shi. Ya rantse ba na sayarwa ba ne, na wata tsohuwa ne da ta koma garinsu ta bar masa. Kika sa aka ɗaga shi, kika ɗiga masa mai, kika juya. Ya ratsa buhu da fata da jins da gyale a jere, da wani sauti mai laushi. Kika juyo kika ce da ni, "To mai mataki, ga shi na hannu har sau biyu."

Da ƙyar Alhaji Kayode ya sayar mana da shi. Na ɗauka an gama, ashe saura teburi. Na shago duk sun yi tsawo, kuma akwai ƙarfe a ƙarƙashinsu da zai tare ƙafa. Da muka koma gida kika auna Hanifa da tsumma, kina ƙulla shi daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, kika ce sai Dikko kafinta na Argungu. Da yake ba za a wahalar da ita da tafiya ba, ni kika ɗauka a madadinta. Ranar Asabar, a bakin titi, cikin shaddata mai sitaci, kika zaunar da ni a kan 'yar kujerar mata, kika ce in miƙe ƙafar dama kada in kuskura in lanƙwasa. Masu wucewa suna tsayawa suna yi mini sannu, wani dattijo har ya ba ni sunan mai ɗori a Gulma. Sau uku Dikko yana rage ƙafafun teburin. Kika sa ya bar ƙarƙashinsa fayau, ya ƙara masa fiffike ta hagu don yadi ya samu wurin kwanciya, ya goge gefen har ya daina kama zare. A ƙarshe kika ɗora kofin ruwa, kika dasa keken kina juyawa da ƙarfi. Da ruwan bai motsa ba, kika ce Dikko ya fara zama kafinta.

Mako biyu kika zauna da mu kina koya mata. Ɗinkinta na farko wando ne nawa. Ƙafa ɗaya ta kai idon sawu, ɗayar ta tsaya a ƙwauri, aljihun kuma ya koma baya. Na gode, na ninke zan adana. Kika ce ai Juma'a ce, kuma ba a fara sana'a da ɓoyo. Na sa, na fito tsakar gida ina jan riga ƙasa. Hanifa ta dube ni, ta dubi wandon, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Rabon da in ji wannan murya tun kafin hatsarin. Na waiwaya na gan ki kin juya baya kina share ido da bakin zane, kina faɗin wai hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Haka na tafi masallaci, kuma a sahun gaba na tsaya.

Yau matan Gesse layi suke yi a ƙofar ɗakinta, akwai ma guda uku da take koya wa. Ta koma faɗa da dariya, har maƙwabta na kawo ƙara.

Ganinmu na ƙarshe ranar yawon Salla ne. Kina kwance, jiki ya yi rauni, magana da ƙyar. Kika yafito Hanifa, kika kama bakin mayafinta kika juya cikinsa, kika bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Kika ce, "Ɗiyata, hannunki ya zauna. Ni na gama nawa." Daga nan kika rufe ido, muka ɗauka barci ne, sai muka ji kin ƙara da cewa a sa wa keke mai duk Juma'a, ni kuma a riƙa ba ni abinci da wuri don in rage ba da shawara.

Ya Allah, ga baiwarka Riskuwa ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta suturta rayayyu da matattu, ta kuma rufa asirin wautar irina, ka suturta ta ranar da babu sutura sai taka. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Zulkifli da Asiya da Ummu Hani, da jikokinta, da dukan danginmu na Argungu da Birnin Kebbi, da Alhaji Kayode da ya rufe shago ya bi gawarta har maƙabarta, da Hanifa wadda ta rasa uwa ta biyu. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.